Tsohuwar Motar Soja Da Muka Tayar A Gida

Cikin motocin da ke yawo bisa hanyoyinmu yau, da wuya a sami wadda mai ita zai buɗe bakinta ya gane abin da ya ke kallo. An rufe inji da murfin roba, an ɗora kwamfuta bisa kome, in ta ƙi tashi sai a nemo mai na'ura ya bincika abin da ke damunta. Ba mu ce wannan aibi ne ba, gama motocin yanzu sun fi na da lafiya da ƙarancin shan mai. Amma akwai wata irin mota wadda tun ran da aka zana ta aka yi nufin kowane soja ko manomi mai sufana ya iya kwance ta a tsakiyar daji ya mayar. Irinta muka sami guda, ta daɗe da mutuwa, muka shekara biyu muna ta da ita a bayan gida, ran Asabar da lokacin hutu. Mun ga ya kamata mu ba ku labarin, ku 'yan makaranta, don mun lura da yawa daga cikinku sun iya zana inji bisa allo, amma ba su taɓa riƙe fistin a hannu ba.

Asalin wannan iri daga yaƙi ne. A shekarar 1940 sojan Amurka suka nemi a yi musu ƙaramar mota mara nauyi, wadda ƙafafunta huɗu duk ke ja. Kamfanin Bantam shi ya fara fid da samfurin, amma Willys da Ford su suka ƙera ta da yawa, har daga 1941 zuwa 1945 suka fitar da fiye da 600,000. Ita ce jif. Kakanninmu da suka je yaƙin Bama sun san ta sarai, gama sojan Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, waɗanda akwai 'yan Nijeriya da yawa cikinsu, su suka sare mata hanya ta fi mil 70 cikin duwatsu da kurmi zuwa kwarin Kaladan, wajen ƙarshen 1943 da farkon 1944.

Da yaƙi ya ƙare, wani Bature mai suna Maurice Wilks, babban mai zana motoci na kamfanin Rover a Ingila, yana da wata jif ta ragowar yaƙi da ya ke aiki da ita a gonarsa. Sai ya ga ai su ma za su iya yin irinta. A 1947 suka ɗora samfurinsu bisa ƙashin jif, a watan Afrilu na 1948 kuwa aka nuna Land Rover ta fari a birnin Amsterdam. Lokacin ƙarfe ya yi wuya a Ingila, alminiyam kuwa da a ke ƙera jiragen sama da shi ya fi samuwa, saboda haka aka yi mata jiki da shi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa. Sojan Ingila suka shiga saye, haka ma gwamnatoci da 'yan sanda da ma'aikatan gona a ƙasashe da yawa, har da tamu. An yi ta ƙera zuriyarta a garin Solihull har Janairu na 2016, bayan an fitar da fiye da miliyan 2.

Tamu daga irin da a ke kira Series IIA ce, waɗanda aka yi daga 1961 zuwa 1971, gajera, inci 88 tsakanin ƙafar gaba da ta baya. Alamun soja ba su ɓuya gare ta ba: tankin mai biyu ne, ɗaya ƙarƙashin kujerar direba, ɗaya ƙarƙashin ta ɗaya gefen, ga ƙugiyar ja a baya, ga koren fenti hawa hawa. Wani dattijo manomi ne ya saye ta gwanjo, ya yi ta ɗaukar hatsi da taki da ita har ta gaji, sa'an nan ya jingine ta gindin darbejiya, kaji suka mai da ita akurki.

Duk wanda ya ga irin wannan mota a jingine, in bai sani ba, kallon kitse zai yi wa rogo. Jikin yana nan sumul, ko ɗigon tsatsa babu, gama alminiyam ba ya jan tsatsa kamar ƙarfe. Amma jiki riga ce kurum. Abin da ke ɗauke da inji da kaya da rayukan mutane shi ne ƙashin da ke ƙarƙashi, wanda makanikai ke kira shasi, watau dogayen ƙarafa biyu masu rami a ciki kamar akwati, da waɗansu gajeru da suka gitta su. Wannan kuwa baƙin ƙarfe ne. Da damina taɓo kan shiga ramin ya zauna, ya riƙe danshi, tsatsa ta yi ta ci daga ciki, waje kuwa fenti na nan lafiya. Don haka kafin mu biya ko kwabo muka kwanta ƙarƙashinta da ƙaramar guduma, muka bi ƙarfen nan taki bayan taki muna ƙwanƙwasawa. Inda ya ke da rai sai ya amsa da ƙara, inda ya mutu kuwa sai a ji wani dum, kamar an bugi tulun da ya tsage. Wuri uku muka sami haka: gittaccen ƙarfen baya, da gindin inda batir ke zama, inda ruwan batir ya yi ta zuba, da ƙasan bangon ƙarfen nan da ke tsakanin inji da ƙafafun direba. Da mun tarar ruɓar ta bi dogayen ƙarafan biyu, da mun bar wa kaji gidansu.

Akwai kuma wata cuta da ba kowa ya san ta ba. Inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe, in ruwa ya shiga tsakani, sai su zama kamar ƙaramin batir, alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa yana zama farin gari. Mun same shi a gindin ƙofofi da kewayen ƙusoshi. Maganinsa a kankare, a shafe ƙarfen da fenti, a sa wani abu tsakani ya raba su. Waɗanda suka yi darasin lantarki cikinku sun riga sun san dalili, sai dai watakila ba su zaci za su gamu da shi a ƙofar mota ba.

Kwancewa ba ta da wuya, kowane yaro ya iya. Mayarwa ita ce aiki, ita kuwa tun ranar kwancewa a ke shirya ta. Muka sayi littafin rubutu guda, muka tara gwangwanayen madara, kowane abin da ya fita sai mu zana yadda ya ke zaune, mu zuba notinansa cikin gwangwani mai lamba, mu rubuta lambar jikin zanen. Muka nemi littafin gyara na kamfanin, wanda ya faɗi awon kowane abu da ƙarfin ɗaurin kowane noti. Nan ne amfanin karatu ya fito fili. Makaniken unguwarmu ya fi mu hannu nesa ba kusa ba, yana jin ciwon inji da kunne tun ba a buɗe ba, amma da ya ga littafin sai ya riƙa zuwa da yamma mu karanta masa, shi kuwa ya nuna mana yadda a ke cire notin da ya kafe ba tare da an karya ƙusa ba. Waɗansu maƙwabta suka yi ta mamaki, wai malamin makaranta guda ya kwanta cikin baƙin mai kamar yaron gareji. Ba mu ga abin kunya ba. Mun dai ga kunya wajen mai takardar shaida da ba ya iya canja taya.

Wani abin da zai ba mai koyo wahala shi ne sufana. Motar an yi ta tun Ingila na awo da inci, notinanta kuwa ba iri ɗaya ba ne: waɗansu na awon Whitworth ne, tsohon awon Ingilishi, waɗansu na awon inci irin na Amurka. Sufanar milimita da ta cika kasuwa yanzu takan yi kamar ta shiga, ana ja sai ta murje kan noti ya zama kamar ƙwallo. Tsofaffin sufanu na gaske a Ƙofar Ruwa ta Kano muka tsinto su, cikin tarin ƙarafa, a can kuma muka sami fitilu da sifirin na baya.

Ba kome muka yi da hannunmu ba, bai kuwa kamata ba. Waldar shasi muka kai wa wanda ya shekara talatin yana yi, don waldar da ke ɗauke da rai ba wurin koyo ba ce. Da ya duba sai ya ce, "Malam, liƙi ba zai yi ba, sai mun yanke har inda ƙarfe ya ke da rai." Haka aka yi.

Injin mai silinda huɗu ne, na fetur, girmansa lita 2 da kwata. Mun tarar ya kafe, fistin ba ya motsi. Muka cire fulogogi, muka zuba kananzir da baƙin mai cikin kowace silinda, muka bar shi mako uku muna ƙarawa, muna ɗan gwada juyawa a hankali, har ran nan ya saki. Aka kai gangar injin wurin masu injin gyaran silinda suka daidaita ramukan, muka sa sababbin fistin da zobba. Saura duk lissafi ne. Silindu ba sa kama wuta bi da bi, sai ta 1, ta 3, ta 4, sa'an nan ta 2, in aka sauya wayoyin fulogi biyu inji ba ya aiki daidai. Tsakanin kowane bawul da abin da ke danna shi a kan bar rata kashi 10 cikin 1,000 na inci, don ƙarfe in ya yi zafi yana miƙewa. In ratar ta yi kaɗan bawul ba ya rufewa sosai, sai ya ƙone. Matacin iskarta kuwa ba takarda ba ne, kwano ne mai mai a ciki, ƙura ta faɗa ta nutse. A ƙasar hunturu irin tamu ba mu san dabarar da ta fi wannan arha ba, wankewa kurum a ke yi a sake zuba mai.

Sitiyarinta a dama muka same shi, gama an kawo ta tun muna tuƙi ta hannun hagu. Nijeriya ta koma hannun dama ran 2 ga Afrilu, 1972, hukuma kuwa ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama bisa titi ba. Sa'armu masu ƙera ta sun yi ta don sayarwa ko'ina a duniya, har agogunanta a tsakiya suka sa su, don haka da muka sami kayan wata matacciya mai sitiyari a hagu, maye gurbin bai gagara ba.

Birki shi ne inda ba mu yi ciniki ba. Kowane bututu da kowace roba sabo muka sa, ko da tsohon ya yi kyan gani. Dalili kuwa shi ne, birkin irin wannan mota hanyar mai guda gare shi, ƙafafu huɗu duk daga ita su ke sha. In bututu ɗaya ya huje, mai ya zube, birki duka ya tafi lokaci guda. Motocin baya an raba musu hanya biyu, in ɗaya ta mutu ɗaya ta riƙe. Fenti kuwa shi muka bari ƙarshe, ko da ya ke shi masu wucewa ke tambaya kullum.

To, ga abin da ya sa a ke kiranta mai ja da ƙafa huɗu. Kusa da sandar giya akwai waɗansu sanduna biyu, ɗaya mai kai rawaya, ɗaya mai kai ja. Bisa titi ƙafafun baya kaɗai ke ja. In an iso yashi ko taɓo sai a danna rawayar ƙasa, na gaba su kama. In wurin ya fi haka tsanani sai a tsaya a jawo jar baya, gudu ya ragu ƙwarai, ƙarfi ya ƙaru, ta hau gangare tana tafiya kamar raƙumi. Amma ba a barinta da ƙafa huɗu bisa kwalta. Ku tuna ran da ku ke maci, in layi zai karya kwana, yaron da ke bakin waje ya fi na ciki yawan taki. Haka ƙafafun mota, na gaba sun fi na baya nisan tafiya cikin kwana. A wannan mota babu abin da ke sasanta gaba da baya, an ƙulle su tare. Cikin yashi taya kan ɗan zame, bambancin ya tafi. Bisa kwalta ba ta zamewa, sai ƙarafa su yi ta murɗewa har wani ya karye. Giyarta ta ɗaya da ta biyu kuma ba su shiga sai an taka kuloci sau biyu, an daidaita gudun inji da kunne, in ba haka ba unguwa duka ta ji ƙarar haƙora.

Kada wani cikinku ya zaci riba muka ci. Abin da muka kashe ya fi kuɗin da za ta yi in an kai ta kasuwa, galan guda na fetur bai kai ta mil 20 ba, in ta wuce mil 50 cikin sa'a sai ta kama rawa, mutum ba ya jin maganar na kusa da shi. Ba ta da jakar iska, kujerun baya kuwa benci ne a gefe. Saboda haka muka ƙi roƙon 'yan ajinmu na mu kai su yawon buɗe ido cikinta bisa babbar hanya, za mu kuma ci gaba da ƙi. Aikinta hanyar gona da ƙauye. Ran Laraba da yamma kuwa mukan kawo ta filin makaranta, da iznin shugaba, mu buɗe bakinta, yara su cire fulogi su auna, su bi hanyar mai daga tanki har kafireta da yatsa. Wata yarinya 'yar aji biyu ta riga ta iya daidaita bawul ba tare da an kama mata hannu ba.

Abin da ya rage yanzu rumfa ce. Mun sami tamfol mai kauri, mun auna ƙarafan, mun kai wa baduku ya ɗinka, ya ce mu komo bayan mako biyu, kafin ruwan fari ya sauka.