Wanda Ba a Yi wa Ta'aziyya

A ƙasarmu ta Shagari, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, idan an yi wa mutum rasuwa ba a barin sa shi kaɗai. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a yi zaman makoki, kowa ya zo ya ce masa ya haƙuri. Amma wanda ya so wani aka ƙi shi, ba wanda ke shimfiɗa masa tabarma. Abin da ya samu daga gare mu karin magana ce guda: son maso wani ƙoshin wahala. Wannan kuwa ta fi kusa da dariya fiye da jaje.

Na daɗe ina neman wannan mutum a cikin adabinmu. Kaɗaici dai ban sha wahalar samun sa ba, domin a maƙwabtanmu ma an rubuta shi. A Bodinga Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna lokacin da yayansa Shehu Usmanu yake Sifawa. Littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda ya kammala a 1813, yana ɗauke da kukan mutumin da abokansa na gaskiya suka ƙare a fagen yaƙi, ya waiga ya ga an bar shi cikin masu son duniya. Abin ya taɓa kai shi ga barin rundunar jihadi da niyyar tafiya Makka, sai da mutanen Kano suka tsayar da shi. Nana Asma'u kuma ta yi marsiyyoyi ga ɗan'uwanta Muhammadu Bello, da mijinta Giɗaɗo, da aminiyarta A'isha. Kewar mamaci tana da daraja a wurinmu. Haka begen Manzon Allah (SAW) da ya cika waƙoƙin madahu, amma shi wannan bege ne mai kyakkyawan zato, ba ya komawa hannu banza.

Da littattafan soyayya suka bunƙasa a Kano, na zaci an zo wurin. Sai na tarar yawancinsu labarin mutum biyu ne da ke son juna, iyaye ko dukiya suka shiga tsakani. Dubi In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito farkon shekarun 1990. Duk mai karatu yana bayan Sumayya da Muhammad. Mai kuɗin da ke son ta ba ta son sa kuwa, shi ne ƙayar da ake jira a cire. Haka tsarin yake tafiya a littattafai da dama: wanda aka ƙi, ko dai a mai da shi mugu domin kada mu tausaya masa, ko a juyo masa da zuciyar masoyiyar a babin ƙarshe domin kada mu kwana da baƙin ciki.

Na fahimci dalili. A ƙasar da auren dole ya cinye rayuwar 'yan mata da yawa, tilas marubuta su tsaya wa 'yancin mace na cewa ba ta so. Ni ma ina tare da su. Sai dai bayan ta faɗa an saurare ta, akwai wanda ya koma ɗakinsa da abin da ba shi da wurin ajiyewa. Ba mugu ba ne, ba a kuma zalunce shi ba. Haka matar da mijinta bai rage ta da ci da sha ba, amma ta san zuciyarsa na ɗakin kishiya.

Irin waɗannan mutane na san su, kai ma ka san su. Na ga wanda ya bar gari ya tafi ci-rani Kudu ba don yunwa ba. Saurayin da bai taɓa karanta labarin wanda aka ƙi ya haƙura ya ci gaba da rayuwa da mutuncinsa ba, a ina zai koyi yin haka? Abin da zai koya shi ne naci, ko bin boka, ko ɓata sunan yarinya.

Marubutanmu suna iya ba shi littafi guda wanda shi ne tauraronsa, kuma ba a ɗaura aure a ƙarshe ba.