Ruwa Yana Da Ma'auninsa

Mu da muka tashi a Kafanchan mun san kogin da yake kwararowa daga kan dutse a Matsirga. Tun muna yara mun lura cewa wanda bai iya iyo ba, in ya rungumi gora ko jarka wadda ba kome a cikinta, ruwa ba ya cinye shi. Haka kuma masunta suke hawa gora a kogin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a shekarar 1934.

Dalilin wannan kuwa wani masani mai suna Arkimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, ya bayyana shi fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Duk abin da aka sa a ruwa, ruwan yakan tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Saboda haka gorar da ke cin lita 20, in aka danna ta cikin ruwa, za ta iya tallafar kusan kilo 20. Jikin mutum kuwa nauyinsa dab yake da na ruwa, don haka ɗan tallafi kaɗan ya ishe shi.

A bakin tekun Hawai da Ostareliya, samari suna hawa igiyar ruwa a kan wani allo da aka cika da kumfar roba mara nauyi. Da lita ake auna allon. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, allo mai lita 30 ba zai iya ɗaukar mutum mai kilo 70 yana tsaye ba in ruwa na kwance. Sai igiya ta tura shi da gudu, ruwa ya riƙa bugun ƙasan allon, sannan ya ɗaga shi. Da gudun ya ƙare, sai allon ya nutse ƙarƙashin ƙafarsa.

To, jama'a, kwale-kwalenmu ba shi da wannan gudu. Ƙarfinsa duka yana cikin ruwan da ya ture. Kowane fasinja da kowane buhun hatsi yana ƙara danna shi, har bakinsa ya yi daidai da ruwa. A Nuwamba 2021 jirgi ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, aka rasa rayuka da dama, yawancinsu ɗalibai. A Yuni 2023 fiye da mutum 100 suka rasu kusa da Pategi ta Jihar Kwara.

Ina roƙon masu jirage su zana layi a jikin kowane kwale-kwale, in ruwa ya kai layin a daina lodi. Fasinja kuma ya nemi rigar iyo kafin ya shiga, in ya ga jirgi ya cika ya jira na gaba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya kiyaye mu, amin.