Na yanke wa Korngold hukunci ban ji shi ba

Akwai wata magana da na daɗe ina yaɗawa a majalisa, har na taɓa sa ta a rubuce: wai kiɗan tsofaffin finafinan Amurka, na shekarun 1930 da 1940, hayaniya ce kawai, an zuba ta ne don toshe wuraren da 'yan wasa suka yi shiru. Ba da mugunta na faɗa ba. Abin da kunnena ya ji ke nan. Na taso ina ganin irin finafinan nan a talabijin mai lasifika ɗaya, daga baya kuma a faifan kasuwa, irin wanda ake cusa wa fim shida ko takwas. Da jirgin ruwa ya ɓullo ko aka zare takobi sai wata ƙara siririya mai kaifi ta taso, ni kuma in miƙa hannu in rage murya.

Da a kaina maganar ta tsaya, da da sauƙi. Ina da ɗan yaya da ke aiki a wani situdiyo, yana haɗa wa finafinan Hausa kiɗa da fiyano da kwamfuta. Wata rana ya ce mini, "Kawu, an ce in ina so in iya kiɗan da ke bin labari, in nemi ayyukan wani Korngold. Kun san shi?" Na ce sarai na san shi, alhali iyakar sanina ganin sunansa a farkon fim. Na ce kada ya ɓata lokacinsa da datarsa. Ya ce, "To, Kawu." Ya ajiye batun, don ya ɗauka wanda ya girme shi, yake kuma rubutu a kan fim, ba zai faɗi abin da bai sani ba.

Allah ya sa yaron yana da naci. Bayan an kwana biyu sai ga shi da waya da abin sawa a kunne. "Kawu, don Allah ku saurari wannan, amma kada ku tambaye ni na wane ne." Ƙahonin tagulla ne suka fara, da sauri, suna hawa suna kiran juna. Kafin su sauka sai gogen Turawa masu yawa suka karɓe da wani sauti mai faɗi, a ƙarƙashinsu manyan goge masu kauri suna riƙe da ginin, ganga tana bugawa can nesa, wani abu mai tsirkiya yana yayyafi a tsakani. Ina iya nuna inda kowane rukuni yake zaune, waɗannan hagu, waɗancan dama. Na ce ai wannan na wani sabon fim ne, irin su Star Wars. Ya yi murmushi, kansa a ƙasa. "The Sea Hawk ne, Kawu, na 1940. Shi ne wanda kuka ce hayaniya."

Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Sai da na ji kunya sannan na nemi sanin mutumin.

An haifi Erich Wolfgang Korngold a 1897 a garin Brno, ya tashi a Biyana, babban birnin Ostiriya. Tun yana yaro manyan makaɗan birnin, har da Gustav Mahler, suka shaida baiwarsa. Yana da shekara 23 wasansa na opera mai suna Die tote Stadt ya zaga manyan ɗakunan wasa na Turai. Wato ba neman suna ya kai shi Hollywood ba, da sunansa ya je, a 1934, bisa gayyatar darakta Max Reinhardt. A farkon 1938 kamfanin Warner ya kira shi ya yi kiɗan The Adventures of Robin Hood. Yana can, a watan Maris, Hitila ya mamaye Ostiriya. Korngold Bayahude ne. Aka ƙwace gidansa na Biyana. Shi da bakinsa ya riƙa cewa fim ɗin nan ne ya ceci ransa, kuma da shi ya ci kyautar Oska.

Yadda yake aiki ma abin lura ne. Yakan zauna a ɗakin majigi da fiyano, a riƙa haska masa fim ɗin yana bugawa, har kiɗan ya hau kan motsin 'yan wasa. Kowane babban jarumi yana da nasa taken, wanda ke sauya kama in halin da yake ciki ya sauya. Yana kuma sauraron muryar ɗan wasa ya sa kiɗan ya bi ta ƙasanta, don kada su yi karo. Finafinan da ya rubuta wa sabon kiɗa 16 ne kacal, alhali abokin aikinsa Max Steiner ya yi wa sama da 300.

To, ina duk wannan ya shige kafin ya iso kunnena? A zamanin, sautin fim wani siririn layi ne na haske da duhu da ake bugawa a gefen hoton, a jikin zaren fim ɗin. Hanya ɗaya ce tal, kuma a cikinta ake matse makaɗa wajen hamsin, da maganar 'yan wasa, da ƙarar igwa da ta igiyar ruwa. A 1938 ma masana'antar ta tsayar da ƙa'idar datse saman sautin don ɓoye shuuu ɗin da zaren ke yi, sai ƙyallin goge ya tafi tare da shi. Daga nan zaren ya tsufa, aka kwafa daga kwafi, aka mayar kaset, aka mayar faifai, aka matse. Na ɗanɗani miyar da ta kwana uku ne, na fita ina cewa matar gidan ba ta iya girki ba. Laifina shi ne ban tsaya na tambayi abin da ya sami kayan a hanya ba kafin in hukunta mai su, na kuma ɗora wa wanda ya yarda da ni.

Ban ce ni kaɗai na yi wannan ɓatan kai ba, ko da yake hakan ba ya wanke ni. Masu sharhin kiɗa na zamaninsa, da suka ji shi da kunnensu a manyan ɗakuna, su ma sun raina shi don ya taɓa fim. Da mai goge Jascha Heifetz ya fara buga babban aikin Korngold na goge a 1947, wani mai sharhi a New York ba'a ya yi masa. Korngold ya mutu a 1957 yana ganin an manta da shi.

Abin da yaron ya sa mini a kunne ɗauka ce ta 1972. Charles Gerhardt ne ya jagoranci ƙungiyar makaɗa ta National Philharmonic a Landan, suka sake buga kiɗan daga takardunsa, aka ɗauka da na'urorin zamani, kamfanin RCA ya fitar. Wanda ya tsaya a kan aikin ɗan marigayin ne, George Korngold. Faifan ya yi kasuwa fiye da yadda aka zata, har ya ja jerin wasu, na Steiner da Bernard Herrmann da Franz Waxman da Miklós Rózsa. Shekara biyar bayan haka John Williams ya fito da kiɗan Star Wars, kuma duk wanda ya ji taken da Korngold ya yi wa fim ɗin Kings Row na 1942 zai gane gidan da aka ɗebo wuta. Ashe kuskuren da na yi a gaban yaron ma yana da tushe: jika na ji a muryar kaka. Daga baya John Morgan da William Stromberg suka zurfafa, suka bi takardu suna cike giɓi, suka ɗauki Robin Hood da The Sea Hawk kusan ɗungurungum da makaɗan birnin Mosko.

Kada in tsallake daga wannan kuskure in faɗa wani. Sabuwar ɗauka ba ita ce ta asali ba. Hannun Korngold ba ya kan sandar, saurin bugun wani lokaci ya bambanta, kuma inda takarda ta ɓace kunnen mai gyara ne ya cike. Har yanzu kuma akwai wuraren soyayya da nake ganin zumar ta yi yawa. Bambancin shi ne yanzu abin da mutumin ya rubuta nake suka.

Korngold ya yi sa'a takardunsa sun tsira. Na kamfanin MGM ba su tsira ba: wajen 1969 aka kwashe mafi yawan takardun makaɗansa aka zubar don a sami fili. Sai da wani Baturen Ingila, John Wilson, ya yi shekaru yana sauraron tsofaffin finafinan yana rubuta abin da kowane makaɗi ya buga, kafin a sake jin su a dandalin BBC Proms a 2009.

Wannan ya sa nake roƙon masu situdiyo a Kano da Kaduna da Jos: in an gama fim, a ware kiɗan shi kaɗai, ba tare da magana ba, a adana shi a wuri biyu, da sunan wanda ya buga da shekarar. Kada a goge shi don neman wurin aikin gobe.