Hoton Kuduji

A ƙarshen watan Afrilu na shekarata ta biyu a Sheffield, wata dattijuwa maƙwabciyata, tsohuwar malamar makaranta da ta haura saba'in, ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da sassafe ranar Asabar. Ta ce in sa takalmin shiga laka in biyo ta. Muka tarar da mutane goma sha biyu a bakin kurmin Ecclesall, kowa rataye da kyamara, wasu da madubin hangen nesa, wasu da shayi a gora. Abin da ya fito da su cikin wannan sanyi wani ɗan shuɗin fure ne mai siffar ƙararrawa, wanda suke kira bluebell, yana rufe ƙasan kurmi na makonni kaɗan ya wuce. Wani tsoho ya yi rub da ciki a gefen hanya, ya kai rabin sa'a yana jiran rana ta ratso ganye. Ba wanda ya saki turba ya taka cikin furen, domin idan aka tattake ganyensa yakan ɗauki shekaru bai farfaɗo ba, kuma dokar 1981 ta hana tono shi daga daji.

Ba sana'arsu ba ce. Akwai direban bas a cikinsu, akwai ma'aikaciyar jinya da ta sauko daga aikin dare. Ina tsaye ina kallonsu, zuciyata tana Samaru Kataf.

A gida kyamara ta fuska ce. Mai hoto yana wurin biki da suna, yana ƙofar coci ranar godiyar kaka, yana filin Idi, yana bikin yaye ɗalibai a makarantar aikin gona. Lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara matasa kan cika mota su tafi Matsirga kusa da Kafanchan, inda ruwa ke faɗowa daga tsayin kusan mita 30. Da isa sai kowa ya juya wa ruwan baya ya fuskanci waya. Ina da irin waɗannan hotuna da yawa, kuma ina son su, don mutanen da ke ciki nawa ne. Amma ruwan da duwatsun sun zama kamar labulen da mai hoto ke ratayawa a shagonsa. Ban taɓa ganin wanda ya durƙusa don ɗaukar gansakukar da ke jikin dutsen ba, ko tsuntsun da ke shawagi a bakin feshin ruwan.

Wanda zai ce rashin sani ne bai zauna da manomanmu ba. Kakana bai taɓa riƙe kyamara ba, amma da ya ga ayarin shamuwa a sama sai ya ce a wasa fartanya. Kukan fakara ya ishe shi ya gane nisan da ke tsakaninsu. Ya san itacen da ke fure cikin hunturu bayan ya zubar da ganye, ya san wanda zuma ta fi so, ya san ciyawar da idan ta fito a gona to ƙasa ta gaji, a bar ta ta huta ko a sa acca. Duk wani sani nasa yana da abin da yake yi da shi: ci, ko magani, ko gane lokaci, ko kauce wa haɗari.

Na fahimci tazarar da ke tsakanin idanun biyu ne ta dalilin kuduji. Wata shekara da na je gida a ƙarshen damina, na shiga gonar dawar mahaifina na ga wani fure mai ruwan hoda ya yi layi tsakanin kunyoyi, raɓa na jikinsa. Na tsugunna ina gyara kyamara. Baba ya tsaya a kaina ya ce, "Ɗana, abin da ke cinye mana dawa kake wa hoto? In ka gama ka tumɓuke shi kafin ya zuba iri." Gaskiyarsa. Kuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, saiwarsa ke liƙewa a saiwar dawa yana tsotse ta tun kafin ya leƙo waje, tushe ɗaya na zubar da dubban 'ya'ya, kuma suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma suna jira. Na tumɓuke shi. Da na dawo Ingila na nuna hoton a taron mutanen nan na kurmin Ecclesall, suka yi ta yaba kyawunsa, suna tambayar ko ana shuka shi a tukunya. Da na ba su labarin gonar sai ɗakin ya yi tsit. Kyawun da suka gani gaskiya ne, ɓarnar da Baba ya gani ita ma gaskiya ce, kuma na fi ganin nauyin tasa, domin shi ne zai auna buhunan a kaka.

Inda mutanen Ingila suka sha gabanmu shi ne ajiya. Ƙasarsu ba ta da yalwar namun daji. Kerkeci da beyar sun ƙare a tsibirin tun ƙarnoni da suka wuce. Ɗan abin da ya rage shi suke ƙirgawa kamar kuɗin marayu. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB tana nan tun 1889, kuma tun 1979 duk ƙarshen Janairu jama'a kan zauna sa'a guda suna ƙirga tsuntsayen bayan gidansu, su aika da adadin. Maƙwabciyata tana da littattafan aljihu na shekaru, kowane hoto da ranarsa da wurinsa da sunan abin. Idan wani tsuntsu ya fara raguwa, takarda ce za ta faɗa. Mu kuwa sai dai tsoho ya ce da can akwai, in ya rasu maganar ta bi shi.

Kuma abin ɗauka muna da shi har ya yi yawa. Iskar damina na dukan gefen tsaunukan Filato ta sauke ruwa mai yawa a yankin Kagoro, shi ya sa kurmin Nindam ke da tsuntsaye irin na dazukan kudu a cikin ƙasar Kaduna. A 1986 mujallar Malimbus ta buga jerin tsuntsayen wannan kurmi, an kuma sa Kagoro da Nindam cikin muhimman wuraren tsuntsaye na duniya. Na girma a kusa da wurin, amma sai a ɗakin karatu a Ingila na fara jin wannan labari, kuma abin ya yi mini ciwo. A Jos, cibiyar APLORI da ke dajin Amurum tana horar da 'yan ƙasa kan ilimin tsuntsaye, kuma daga can aka fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015, inda mai sha'awa ke shigar da abin da ya gani ta wayar hannu. Ashe hanyar ajiya ta zo har ƙofar gida.

Tsadar kyamara ba ta dame ni ba, wayar da ke aljihun ɗalibi ta isa ɗaukar fure. Hanya ce damuwata. A Ingila mutum na iya ratsa gonar wani ta turbar da doka ta amince da ita, da 'yar alama a jikin shinge. Wannan haƙƙi ba sama ta ka ya zo ba. A watan Afrilun 1932 ɗaruruwan ma'aikata suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan, wanda masu ƙasa suka killace don harbin tsuntsaye, aka ɗaure biyar daga cikinsu. A 1951 yankin Peak District ya zama gandun ƙasa na farko, dokar 2000 kuma ta buɗe wa masu tafiyar ƙafa tsaunuka da fako. Mu a da ba mu buƙaci doka ba. Turbar ƙauye ta kowa ce, gaisuwa ita ce takardar izini: ka yi sannu da aiki, a amsa, a ba ka ruwa, a nuna maka mashigin rafi.

Wannan amana ce ta yi rauni. Daga rikicin Zangon Kataf na 1992 zuwa na 2011 da hare-haren shekarun baya-bayan nan, kowane ɓangare ya binne nasa, kowa kuma ya koyi zargin baƙuwar fuska. Na taɓa tsayawa a gefen wani ƙauye ina ɗaukar dutse da hasken yamma, sai ga matasa sun kewaye ni suna tambayar wanda ya aiko ni. Ban ga laifinsu ba. A garin da aka kai wa hari da dare, mai ɗaukar hoton mashigar gari abin tambaya ne. Tun da can ma kyamara ba ta zo mana da mutunci ba. Tsofaffin hotunan mutanen Kagoro da jami'in mulkin mallaka Tremearne ya buga a 1912 suna cikin littafi mai taken cin fuska. Ranar sai da na faɗi gidanmu, na miƙa wa matasan kyamarar suka duba da kansu, sannan fuskoki suka saki. Ɗaya ma ya ce in dawo da asuba ya nuna mini inda gwaggon biri ke sauka.

Daga nan na daina fita yadda ake fita a Sheffield, mutum shi kaɗai da taswira. A zuwana na ƙarshe, bayan bikin Afan na mutanen Kagoro na 1 ga Janairu, na fara gaida mai unguwa, sannan na roƙi wani tsohon maharbi abokin kakana ya raka ni. 'Yar ƙanwata mai shekara goma sha huɗu ta biyo mu da wayar uwarta. Hazo ya lulluɓe dutsen Kagoro, ciyawa ta bushe, amma wata gurjiya ta yi jawur da fure ba ganye ko ɗaya, sha-kauci na ta kai-kawo a kanta. Tsohon ya faɗi sunan tsuntsun da Hausa, ya faɗa da Tyap, yarinyar na rubutawa a ƙarƙashin kowane hoto tare da kwanan wata. Na tambaye shi, "Baba, burtu fa?" Ya daɗe yana duban fadamar da ke ƙasa, wadda yanzu citta ce a cikinta har bakin rafi. Ya ce rabonsa da ganin burtu a nan tun kafin a haifi yarinyar nan. Ita kuma ta ce ya kwatanta mata kamanninsa, ya jingina sandarsa da gurjiyar, ya fara da jan maƙogwaron.