Abin da Matan Fada Ya Koya wa Ɗan Kalgo

Duk wanda ya tashi a Kalgo ya san su, wato kamun kifi, tun yana yaro. Da zarar ruwan damina ya ja baya daga fadamar Gulbin Kabi, sai tafukka su rage cike da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, mu kuma mu bi manya da 'yan homominmu. Wannan su na neman abin miya ne. Gasar Argungu daban take, kuma shigarta da na yi tare da kawuna ta bar mini darussan da har yau nake aiki da su a gona da kasuwa.

Darasi na farko shi ne, hanyar da muke bi zuwa Argungu zaman lafiya ne ya buɗe ta. Mu mutanen ƙasar Gwandu ne, kuma kakanninmu sun shafe mafi yawan ƙarni na 19 suna gwabzawa da Kabawa, mutanen Argungu. A 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa babban su don karrama shi, daga nan bikin ya samo asalin siffarsa ta yau. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Idan jikan mayaƙin Gwandu ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da jikan mayaƙin Kabi a bakin Matan Fada, kogin da ake gasar a cikinsa, kowa da gorarsa, ya kamata ya san cewa an biya tsada kafin a kai ga wannan tsayuwar.

Na biyu, gaggawa ba ta kama babban kifi. Da an harba bindiga, dubban masunta kan ruga cikin ruwa, gora a hannu ɗaya, homa a ɗaya, ƙura ta tashi, kiɗa ya kaure. Lokacin da ake bayarwa bai wuce kamar sa'a guda ba, shi ya sa matasa ke jefa homa ko'ina. Kawu bai yi haka ba. Ya bar taron ya wuce, ya kwanta a kan gorarsa, ya nufi wani gurbi mai zurfi kusa da gaɓa. Ya ce da ni, "Ɗana, in ruwa ya ruɗe, giwan ruwa zurfi yake nema ya lafe. Bi shi can, kada ka bi mutane." Ya san haka ne saboda shekarun da ya yi yana nutso yana laluba ƙasan gulbi da hannunsa. Ilimin ruwa a jiki yake zama, kuma ba a samunsa ranar gasa.

Na uku, ba mai fitar da babban kifi shi kaɗai. Giwan ruwan da ya ci gasar 2020 kilo 78 ne, nauyin babban mutum. Irin wannan idan ya shiga homa, sai an samu mai riƙe baki, da mai zura igiya ta kumatunsa, da masu tallabo shi zuwa tudu. Suna ɗaya ake kira a gaban sarakuna, amma hannu da yawa ne suka kai kifin kan sikeli. Mu abin da muka fitar matsakaici ne, bai kai mu ko kusa da kyauta ba, duk da haka kawu ya raba kuɗinsa har da yaron da ya tsare mana kaya a gaɓa.

Na huɗu, sikeli amana ne. A 2008 an karɓe nasara daga hannun wanda aka fara bayyanawa ya ci, bayan an gano cewa kifinsa ya mutu tun kafin gasar. Ba a nan kaɗai ake wannan ba. A 2022, a gasar kamun kifi ta tafkin Erie da ke Amurka, an farke cikin kifayen wasu mutum biyu aka tarar sun cusa dalma don ƙara nauyi. Sun rasa kyautar, an ƙwace jirginsu, sun kwana goma a gidan yari. Mai irin wannan hali yana cutar dubban mutanen da suka shiga ruwa da gaskiya, kuma yana sa a riƙa zargin duk wanda ya yi nasara bayansa.

Darasi na biyar shi ne wanda ya fi zauna mini. Na daɗe ina tambayar kaina dalilin da ya sa ake samun irin waɗannan kifaye a Matan Fada alhali a tafukkanmu sai ƙanana. Amsar ita ce hani. Ana killace wurin, Sarkin Ruwa da mutanensa suna tsaronsa, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe. Giwan ruwa yakan ɗauki shekaru kafin ya kai girman da ake tafa masa. Ashe kifin da mutum ɗaya ya ɗaga a gaban jama'a, haƙurin gari guda ne ya rene shi.

A wajenmu kuwa hanin ya yi rauni. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 da ta Goronyo a 1984 sun sauya yadda ambaliya ke sauka a fadama, alhali a cikin ciyawar ambaliya kifi ke zuba ƙwai. Wannan ba a hannunmu yake ba. Abin da ke hannunmu shi ne kalli mai ƙananan idanu, da gidan sauro da ake ja ana kwashe 'ya'yan kifi, da gubar da wasu ke zubawa a tafki don kamun dare ɗaya. Mai yin haka abincin baɗi yake ci bana.

Saboda haka nake kira ga hakimai da sarakunan ruwa na Kalgo da Gwandu da su zauna da masunta, a zaɓi tafki ko da ɗaya ne a kowace gunduma a hana taɓa shi sai ranar da aka amince, a kuma tsayar da girman idon koma. Wannan ba baƙon tsari ba ne, iyayenmu sun yi shi, maƙwabtanmu na Argungu kuma suna cin moriyarsa har yanzu. Kuɗi kaɗan yake buƙata; abin da ya fi buƙata shi ne kowa ya yarda ya ɗauke hannunsa har lokaci ya yi.