Sunan da Yamai ke ba kisa

Daga Kano na je Yamai, kuma wanda ya sauke ni tsohon ma'aikacin kotu ne. Da la'asar mukan zauna a fadarsu ta shan shayi a unguwar Bukoki, Hausa da Zabarmanci na cuɗanya. Ran nan aka kawo labarin wani ɗan kabu-kabu da ya buge tsohuwa ta rasu. Wani saurayi ya ce ai ya yi kisan kai, sai kaso har abada. Mai masaukina ya ajiye kofinsa a kan tire, ya ce: “Ɗana, bi a hankali. Rai dai ya salwanta, amma alƙali niyya zai fara nema.”

A lokacin da na je, dokar laifuffuka ta Nijar ta 1961 ce, an ɗauko ta daga tsarin Faransa, an yi mata babban gyara a 2003. Wanda sakacinsa ya jawo mutuwa, kamar ɗan kabu-kabun nan, ɗaurin wata 3 zuwa shekara 3 ke jiransa. Wanda ya yi duka da gangan, ba da nufin kisa ba, amma ajali ya zo a ciki, nasa ya fi haka nauyi nesa ba kusa ba. Sai wanda ya kashe da niyya, abin da suke kira meurtre: ɗaurin rai da rai. Idan kuwa ya kwana da abin a ransa ya shirya, ko ya yi kwanton ɓauna, laifin ya zama assassinat, hukuncinsa kisa. Sai dai rabon Nijar da zartar da hukuncin kisa tun 1976, zamanin Seyni Kountché.

Kunnena bai ji wannan baƙo ba. A Arewacin Najeriya dokar Finalkod ta raba kisan da ke jawo hukuncin kisa da wanda ba ya jawowa, kuma tsokana mai tsanani da ta zo bagatatan tana iya sauko da mutum daga na farko zuwa na biyu. Malamanmu na Malikiyya tun da can sun ware kisan kuskure, mai diyya, da na ganganci, mai ƙisasi, sannan suka keɓe kisan gilla, na yaudara, wanda ko magada sun yafe ba ya yafuwa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a birnin da doka ta tsefe kisa haka, kisan da ya fi kowane shahara babu kotun ƙasar da ta taɓa sa masa suna. Ranar 9 ga Afrilu 1999 aka harbe Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara a filin jirgin saman soja na Yamai, yana shirin hawa jirgi mai saukar ungulu. Dogaran fadarsa ne suka buɗe wuta. Firaminista Ibrahim Hassan Mayaki ya fito ya shaida wa ƙasa cewa mummunan hatsari ne. Cikin ’yan kwanaki shugaban dogaran, Manjo Dauda Malam Wanke, ya hau mulki.

Hatsari, a ma'aunin dokarsu, yana can ƙasan tsani, wurin da babu niyya. Da an kai maganar gaban alƙali mai bincike, da ya tambayi wa ya ba da umarni, yaushe aka kitsa, wa ya girke bindiga a inda aka girke ta. Amsoshin nan su ne ke raba kuskure da ganganci, su raba ganganci da gilla. Ba a bari an yi tambayoyin ba: tsarin mulkin 1999 ya yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 1996 da na 1999, ƙofar kotu ta rufe a fuskar iyalinsa. A ganina wannan zalunci ne, ko mutum na son mulkin Ba'are ko ba ya so, domin shi ma da juyin mulki ya zo.

Iyalin ba su haƙura ba. Sun kai ƙara kotun ECOWAS da ke Abuja, wadda a 2015 ta ce Nijar ta tauye musu haƙƙin samun shari'a, ta umarci gwamnati ta biya su sefa miliyan 435. Wanke kuwa ya rasu tun 2004, bai taɓa tsayawa gaban alƙali a kan wannan magana ba.