Raunin da Ba Ya Zubar da Jini

Mu 'yan jarida lissafi biyu muka ƙware a kai idan ana maganar arewacin Zamfara: mutum nawa aka kashe, mutum nawa aka sace. Idan an kai hari a wani ƙauye na Zurmi ko an tare hanyar Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi, waɗannan alƙaluma edita ke nema, su ne kuma ke hawa kanun labari. Wanda ya tsira sai a ce ya auna arziki, a rufe babinsa. Shekarun da na yi ina wannan aiki sun sa na daɗe ina tunanin waɗannan masu auna arziki, domin su ne mafi yawa, kuma da yawansu da na sani ba su ƙara samun cikakkiyar lafiya ba. Bayani mafi gamsarwa da na samu game da halin da suke ciki ya fito ne daga masu binciken birai.

Na san kwatanta mutum da biri zagi ne a wurinmu, kuma ba shi nake nufi ba. Dalilin da ya sa masana ke zuwa wurin birai shi ne jikinsu na amsa tsoro da irin sinadaran da namu ke amsawa da su, suna zaune cikin jama'a mai manya da ƙanana, kuma ana iya bin rayuwar biri ɗaya daga haihuwa har mutuwa. Biri ba ya shan taba, ba ya zuwa asibiti, ba shi da albashi, saboda haka idan aka ga bambancin lafiya tsakanin biyu, ya fi sauƙi a gano tushensa.

A 1978 wani ɗalibi ɗan Amurka, Robert Sapolsky, wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Stanford, ya fara bin wani garken bika a Kenya, wato gwaggon birin nan mai doguwar fuska irin ta kare. Ya shafe shekaru masu yawa yana komawa wurinsu, yana harbinsu da allurar sa barci, yana ɗibar jininsu. Abin da yake aunawa shi ne kotisol, sinadarin da wasu ƙananan halittu biyu da ke saman ƙoda ke fitarwa idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari.

Kotisol da ɗan'uwansa adirenalin rahama ne a lokacin da ya dace. Idan zaki ya biyo ka, su ke tura sukari cikin jini, su ƙara bugun zuciya, su dakatar da duk aikin da zai iya jira: narkar da abinci, girma, haihuwa, gyaran jiki. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa yaɓen katanga. An tsara wannan shiri ne domin 'yan mintuna, a tsira ko a mutu, sannan jiki ya koma daidai. Matsala tana farawa idan haɗarin ya ƙi wucewa. Sapolsky ya ga cewa mazan bika na ƙasa, waɗanda kowa ke hucewa a kansu ba tare da sun san yaushe ko don me ba, kotisol ɗinsu yana zama a sama ko da suna hutawa, kuma wasu daga cikin fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki sun yi ƙaranci a jikinsu. Ya kuma lura cewa idan shugabancin garke ya rikice, aka rasa sanin wa ke gaba da wa, har manyan ma sinadarin nasu yana tashi. Rashin sanin abin da zai faru anjima, da rashin iko a kansa, su ne suka fi cin jiki.

Wannan shi ne ainihin siffar zaman ƙauyukanmu a yau. Ɗan bindiga ba kullum yake zuwa ba, amma kullum ana jiransa. Manomi a gefen Zurmi ya biya harajin da aka aza wa garinsu, duk da haka bai da tabbacin zai girbe gerensa. Direba ya taso daga Ƙaura, kunnensa na kan waya, idonsa na kan motocin da ke tahowa daga gaba, domin idan suka ɗauke to akwai magana. Wata goggona da ta baro ƙauyensu ta dawo cikin Ƙaura tana cikin ɗaki mai ƙofar ƙarfe yanzu, amma ƙarar babur da dare tana tayar da ita zaune. Da na tambaye ta jiki, sai ta ce, "Ɗan nan, ba inda ke mani ciwo, kwana ne dai ba ni samu." Cikin shekara biyu hawan jini ya kama ta, kuma mura ba ta cika barinta ba. Ba harsashin da ya taɓa ta, don haka ba ta cikin lissafin kowa.

Alaƙar damuwa da garkuwar jiki an gwada ta a kan mutane ma. A 1991 Sheldon Cohen da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila, inda aka ɗiga wa mutum 394 masu lafiya ƙwayar cutar mura a hanci da yardarsu. Waɗanda suka fi fama da damuwa su suka fi kamuwa. Sai dai tambaya ta rage: wahalar ce ke raunana jiki, ko kuwa masu raunin jiki ne ke faɗawa ƙasa tun farko?

Amsar ta zo a 2016 daga Jenny Tung ta Jami'ar Duke da Noah Snyder-Mackler da abokan aikinsu. Sun ɗauki birai mata 45 a wata cibiyar bincike a jihar Jojiya ta Amurka, suka raba su rukuni-rukuni. A irin waɗannan birai, wadda ta riga shiga ɗaki ita ke zama babba, ta ƙarshe ita ce abin tsangwama, saboda haka masu binciken ne suka zaɓa wa kowace matsayinta. Da aka duba jininsu, sai aka ga garkuwar jikin na ƙasa ta karkata ga yawan kumburi, irin wanda idan ya daɗe yake lalata jijiyoyin jini da gaɓoɓi. Daga nan aka sake cakuɗa su, ta ƙasa ta hau, ta sama ta sauko. Garkuwar jikin ta bi sabon matsayin. Wannan sakamako yana da daɗi da ɗaci: wulaƙanci da tsoro suna shiga jini, amma idan hali ya sauya, jikin babba yana iya farfaɗowa.

Na yara ya fi nauyi. A Amboseli ta Kenya, tun 1971 ake rubuta tarihin bika ɗaya bayan ɗaya, aikin da Jeanne Altmann da mijinta Stuart suka fara. Tung da Susan Alberts da sauransu sun duba rayuwar mata 196, suka lissafa masifun ƙuruciya guda 6, daga ciki akwai haihuwa a shekarar fari, mutuwar uwa da wuri, da samun ƙani a kan kari. Wadda ta haɗu da 3 ko fiye, tana mutuwa kimanin shekara 10 kafin wadda ta haɗu da ɗaya kacal ko ba ta haɗu da ko ɗaya ba, alhali ta riga ta tsallake ƙuruciyar. Na karanta wannan ina tuna binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi tare da ma'aikatar lafiya a Shinkafi da Zurmi a watan Yunin 2024: cikin yara 97,149 'yan ƙasa da shekara 5 da aka auna, kashi 27 cikin 100 na fama da tamowa. Da yawa cikinsu marayu ne, ko 'ya'yan matan da ke kwana da ido ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da ke tanƙwara waɗannan yara zai bayyana a asibitocin Gusau da Sakkwato shekara 30 nan gaba, ko da an ajiye bindiga gobe.

Sai abin da ke warkarwa. A fadamar Okabango ta Botswana, Anne Engh da abokan aikinta sun ruwaito a 2006 cewa bika macen da zaki ko damisa ta kashe wa 'ya ko uwa, sinadarin damuwarta yana tashi fiye da na sauran da suka ga abin. Bayan haka sai ta fara neman sababbin ƙawaye, suna zama suna tsefe wa juna gashi, har sinadarin ya sauka. A gwajin Jojiya ma an ga cewa wani ɓangare na cutuwar na ƙasa ya samo asali ne daga ƙarancin masu zama kusa da su.

Mu mun san wannan magani tun kafin a auna shi. Zaman makoki, gaisuwar mara lafiya, gayya, biki, hirar dandali, tsayuwa sahu ɗaya a masallaci, duk hanyoyi ne da jama'a ke sauke wa mutum kaya. Abin tsoro shi ne wannan fitina ta fi cin waɗannan wurare. Zumunci a ƙafa yake, ga shi hanya ta zama tarko. Tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto ya sa maƙwabci yana auna maganarsa a gaban maƙwabci. Bahaushe da Bafulatanin da iyayensu suka yi cinikin nono da dawa sun koma kallon juna daga nesa. Ko matakan gwamnati sun taɓa wannan jijiya: a watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara kuma aka rufe kasuwannin mako, mutane sun yi makonni ba su ji muryar 'yan'uwansu ba. Kasuwa irin ta Shinkafi ba wurin saye da sayarwa kaɗai take ba, nan ake jin wanda ya rasu da wadda ta haihu. Duk wanda zai rufe ta saboda tsaro ya kamata ya sa wannan a ma'auni.

Akwai kuma wani nauyi a kanmu masu ilimi da ke zaune a Gusau, Kano da Abuja. Idan ɗan'uwa ya zo daga gida yana kukan faɗuwar gaba, rashin barci da ciwon da likita bai gano ba, saurin da muke yi mu ce masa ya ƙara tawakkali yakan sa ya ji kamar imaninsa ne ya yi rauni. Tawakkali yana sanyaya zuciya, na ga haka da idona. Amma mai imani ma ƙodarsa na fitar da kotisol, kamar yadda yake jin yunwa idan ya yi azumi. Abin da yake buƙata daga gare mu shi ne a auna masa jini, a ba shi wurin kwana mai natsuwa, a zauna a saurare shi.

A matakin hukuma, awon hawan jini da tambayar yadda mutum ke barci ya kamata su zama cikin aikin yau da kullum a asibitocin Ƙaura, Shinkafi da Zurmi da duk inda 'yan gudun hijira suka taru. Ciyar da mai ciki da yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ya cancanci a ɗauke shi da muhimmanci irin na sayen motar sulke. Kuma idan ana auna nasarar tsaro, a daina tsayawa a kan yawan waɗanda aka kashe a daji. A tambayi mutanen Moriki ko sun san ranar da za su je gona su dawo, a tambayi mata ko sun koma zuwa suna a ƙauyen da ke gaba. Ranar da amsar ta zama e, jikin jama'a zai fara warkewa.